Yatsan Merv Doolan a Bakin Malafa

Shekara arba'in da biyu Merv Doolan ya yi yana sayen shanu a gwanjon garinmu, nan yammacin jihar Queensland, kuma ban taɓa ganin hannunsa ya wuce kafaɗarsa ba. A wurin gwanjo, sabon shiga ne yake ɗaga hannu, kowa ya gane ya ƙwallafa rai a garken, a yi ta tsawwala masa. Gogagge yatsa ɗaya yake ɗorawa a bakin malafa, mai gwanjo ya hango, shi ke nan ya taya. Merv ko gaisuwa haka yake yinta. Ni Beryl, ƙanwar matarsa Glenys, na sha gaya masa ranar da gidansa ya kama da wuta, da yatsa zai kira 'yan kwana-kwana.

Karatu bai dame shi ba. Glenys ce ke karanta masa a baranda da yamma, shi kuma yana katse ta da gyara. Littafinsu na ƙarshe na Roslyn Tebbutt ne, labarin wani makiyayi da ya kora shanu arewa, aka rufe labarin yana tsaye a mararraba. Glenys ta ce gida ya koma wurin matarsa. Merv ya ce ina, wanda ya san shanu ba ya juyawa a tsakiyar tafiya. Suna cikin musun nan ciwo ya kwantar da ita. Kafin ta rasu sai da ta sa ya yi alkawarin zai tambayi marubuciyar da bakinsa.

Sai ga Roslyn a bikin littattafai na bana, wanda muke kafa wa tanti a filin baje kolin dabbobi. Ta haura tamanin, ta kuma ce daga wannan ta daina tafiye-tafiye. Zama biyu za ta yi, Asabar da Lahadi. Ni ce mai shayi, komai a kan idona.

Ranar Asabar Merv ya zo da riga a goge, ya ƙi kujera, ya jingina da turken tanti na can baya yadda ya saba a gwanjo. Aka zo lokacin tambayoyi. Wata baƙuwa daga birni ce ke zagayawa da makirufo. Ya taɓa malafa, ta wuce. Ya sake taɓawa, ta kai wa wani mai dogon turanci. Haka har sau huɗu, aka tashi.

Ya zo teburina yana huci. "Sau huɗu na taya, Beryl! Matar nan ba ta gani ne?"

"Ka ɗaga hannu kamar mutane mana, tsohon rigima."

"A gaban jama'a? Kowa ya san ina so? Allah ya sawwaƙe."

Wallahi kamar in kwaɗa masa buta. Amma alkawarin yayata ne, saura rana ɗaya. Na nemo Clarrie Pidgeon, tsohon mai gwanjon garin, na cika shi da kek, na zaunar da shi a gefen dandali yana fuskantar jama'a.

Ranar Lahadi shugabar zama ta ce saura tambaya ɗaya. Hannaye suka tashi ko'ina. Na waiga wajen turke. Can baya, yatsa ya hau malafa.

Clarrie ya daki cinyarsa ya kwarara ihu. "An sallama! Ta mai malafa ce, can jikin turke!"

'Yan gari suka tuntsire da dariya, baƙi suna ta waige-waige. Aka kai wa Merv makirufo. Ya cire malafar, ya faɗi sunan Glenys, ya yi tambayarsa a gajarce.

Roslyn ta dube shi ta saman tabarau. "Ita me ta ce?"

"Ta ce ya koma gida."

"Kai fa?"

"Na ce bai koma ba."

"Bawan Allah, shekara talatin ana yi mini tambayar nan, ban taɓa amsawa ba. Amma matarka ta fi ni sanin mutumin. Ya koma."

Merv ya girgiza kai, idonsa ya ciko. "Shekara hamsin da ɗaya, ko sau ɗaya ban taɓa cin matar nan a musu ba."

Ni dai kuka nake ina dariya, shayi yana malala a tebur. Tantin ya ɗauki tafi. Merv bai tafa ba. Hannu ya ɗaga, gaba ɗayansa, har sama da kansa, kowa yana kallo.