Ranar da Safiyatu Ta Tare Lungu

Safiyatu ƴar Tsibiri ce. Shan inna ya kama ƙafafunta tun kafin a yaye ta, amma bai taɓa bakinta ba, kuma da bakin nan aka san ta. Ta auri Idirisa ɗan kabu-kabu, suka zauna a wata unguwa ta Maraɗi da ke gangaren gulbi. Kullum da safe sai ya ɗauko mata buhun zogale daga Jiratawa, ta dafa, ta yi kwaɗo, ta zauna kan kekenta na guragu a ƙofar gida tana saidawa tana tsokanar masu wucewa.

Shekarar da aka yi babbar ambaliya, ruwa ya shigo da rana tsaka, Idirisa ba ya gida. Maƙwabcinsu Maliki ya fid da iyalinsa, ya fid da ragonsa, ya koma ya ɗauko talabijin, sannan ya ji muryarta. A baro ya turo ta, ruwa na dukan gwiwarsa. Ta yi masa godiya sosai. Amma daga ranar duk wanda ya zo sayen kwaɗo sai ya ji cewa a unguwarsu rago ya fi ta daraja.

Kafin damina ta sake zagayowa aka kafa komiten ambaliya, Maliki ne shugaba. Aka sa ranar gwaji: za a busa usur, kowa ya gudu zuwa lakwal, wato makarantar boko, da ke kan tudu, baƙi daga furoje, ƙungiyar agajin da ke ɗaukar nauyin aikin, suna kallo. Har da gadon ɗaukar gurgu. Sai dai gurgun da aka zaɓa Zakariya'u ne, ƙanen Maliki, mai dakon kaya a tasha, lafiyarsa lau.

"Malam Maliki, guragun unguwa sun ƙare ne?" in ji Safiyatu.

"Haba Safiya, ba mu son wahal da ke. Wasa ne kawai."

"To, Allah shi ba da sa'a."

Da safen ranar ta wanke zogalenta, ta kwarara ruwan duka a lungun da ake bi zuwa lakwal, lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Ta kira Dodo makaho mai saƙar tabarma ya zauna gefe. Mansura kuwa, kurmar da ke yi wa mutane daka, ba ta buƙaci gayyata ba, don a nan turminta yake, kuma ba wanda ya gaya mata ana wani gwaji.

Aka busa usur. Safiyatu ta tura kekenta cikin taɓon har ya nutse, ta gicciye lungun, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ruwa ya ci ni! Jama'a ku cece ni!"

Dodo ya miƙe yana laluben bango. "Ina ne tudun? Kun ce a bi kibiyar da aka zana. Wa ka gwada mini ta?"

Mansura na ta dakanta.

Masu gado suka iso a guje da Zakariya'u kwance yana nishin ƙarya, baƙi na biye. Ba hanya. Suka ja keken, ya ƙi. Maliki na zufa yana raɗa, "Safiya, don Allah, ba yau ba." Da Zakariya'u ya ga abin ya ƙi ƙarewa, sai ya diro daga gadon, ya sa kafaɗa ya tumɓuke keken daga taɓo.

Safiyatu ta rangaɗa guɗa. "Allahu akbar! Furoje ya warkar da gurgu! Ku aza ni bisa gadon nan ni ma!"

Madam ɗin da ta jagoranci baƙin ta yi dariya har ta dafa bango. Da ta nutsu ta ce a ci gaba da gwajin, amma da waɗannan ukun.

A nan abin ya daina zama wasa. Sai da wata mata ta dafa Mansura ta yi mata nuni kafin ta aje taɓarya. A lakwal matakala ta tsaida keken, ƙarti suka ɗaga shi. Da aka shiga, Safiyatu ta ce a gaban kowa tana son zagayawa. Aka kai ta, ƙofar makewayin ta ƙi karɓar keken. Wannan karon ba ta yi ba'a ba. Ta ce a waccan ambaliyar, duk kwanakin da suka yi a lakwal ɗin nan ba ta yarda ta sha ruwa sosai ba, saboda ƙofar nan. 

Aka sa ta cikin komite, ita da Dodo. Aka zuba siminti a gefen matakala inda keke zai hau. Kowane naƙasasshe da kowane tsoho aka haɗa shi da maƙwabcin da zai fara zuwa wurinsa, aka kuma tanadi jan ƙyalle a sanda don waɗanda ba sa jin usur. Da ruwa ya sake tasowa bana, Zakariya'u ne ya zo ya turo ta, Mansura ta riga su isa.

Ƙofar makewayin ce har yanzu ba a faɗaɗa ba, wai ana jiran kayan aiki. Don haka duk inda Safiyatu ta hango Maliki, ko a gidan biki, ko gaban surukansa, sai ta ɗaga murya cikin ladabi: "Shugaba, ina kwana, ina gajiya, ya ƙofa?"

Yanzu Maliki ta bayan gidansa yake fita zuwa kasuwa.