Kwalin Tabar da Aka Ba Ni a Boda

Tunda na zo New York renon jikoki, mijin 'yata bai taɓa cewa in fito in ga gari ba. Daga gidanmu na unguwar Highbridge sai asibiti, sai masallaci. Shi ya sa ranar da ya rusuna ya ce za su Kanada sayayya kuma da ni za a je, na ɗauka mutunci ne ya tsiro masa da girma. Har leshina na ƙasan akwati na ɗaura.

Sai a hanyar dawowa na gane aikin da aka ɗauko ni yi. Ya tsaya wani kanti dab da boda, ya fito da kwalin taba uku, ya ɗora ɗaya a cinyata, a kan carbina. Wai kwastan sun yarda kowane baligi ya shigo da kwali guda da kwalbar giya ba haraji. Giyar dai ya ji nauyin idona. Taba kuwa tsada gare ta a New York, ga bakinsa kullum kamar murhu.

Ya ce hakkina ne, kada in bar wa gwamnati. Ashe ba suruka ya ɗauko ba, kai ɗaya ya ƙara a mota don a ƙirga. 'Yata ta kafa wa taga ido.

Na ce ba zan yi wa ma'aikacin kwastan ƙarya da furfurata ba. In ya tambaya, zan nuna mai kaya. Layin motoci na matsawa, gumi ya keto wa mijin 'yata.

"To Mama, na ba ki. Naki ne."

"Kyauta?"

"Kyauta."

Na sa 'yata ta zama shaida. Da ma'aikacin ya leƙo, ta fassara mini tambayarsa, na ce nawa ne, ban kuwa yi ƙarya ba. Ya dubi hijabina, ya dubi kwalin, ya ce mu wuce.

A ƙofar gida mijin 'yata ya miƙo hannu, na wuce shi. Da safe na ɓare karan tabar kaf, na jiƙa a bokitin goge ɗaki, yadda kakata ke jiƙa ganyen taba don ƙwari. Na yayyafa ruwan bayan firiji, yana tsaye yana kallo, surukuta ta ɗaure masa baki.

Kyankyasai sun ragu sosai. Leshin na mayar ƙasan akwati, ba a sake gayyata ta Kanada ba.