Garwar Man Gas

Bayan farin da ya cinye mana shanu, maigidana ya tattara 'yan waɗanda suka tsira ya sayar, ya tsallaka Damagaram ya dawo da tsohuwar akori-kura mai shan man gas. Ita ce garkenmu, ita ce rumbunmu. Muna wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, yana kwasar 'yan kasuwa da akuyoyinsu zuwa Maigatari ran Alhamis, sauran kwanaki ya yi Gumel ko Gagarawa.

Da farko lafiya lau. Daga baya ta tsiro da halin banza: da safe sai ya murza makulli ta yi ta tari, ta fesa farin hayaƙi, ta yi shiru. Maza su taru su tura ta cikin rairayi har gumi ya jiƙa riguna. Matan unguwa suka riƙa tsokanata, wai in dama mata kunu ko za ta tashi. Ina dariya, amma ina cikin damuwa, domin fasinja sun fara komawa motar wani. Ya canza batir, ya hura mata garwashi a ƙarƙashi, duk a banza. Wata safiya ya ce mini idan ba ta gyaru ba zai sayar da ita ya tafi Ikko gadi. Na san mazan da suka tafi gadin nan, wasu har yau ba mu ji ɗuriyarsu ba.

Surukata, wadda muke kira Inna, ita ta fi kowa damuwa. Tun tana budurwa take tatsar nono, ga shi yanzu babu saniya ko ɗaya, ƙoren nononta suna kife a ɗaki. Kunyar ɗan fari ta hana ta tambayarsa kai tsaye, sai ta same ni a madafi.

"Yaya mai jikin?" Motar take nufi.

Ran da aka ja motar zuwa Gumel, bakanike ya kwance filta mai tace mai ya tsiyaye cikin kwalba. Man ya taso sama, ruwa ya kwanta a ƙasa. Ya tsotse tankin, ya fitar da iskar da ta shiga bututu, murzawa ɗaya ta tashi. Ya ce wa maigida ya binciko ta inda ruwa ke shiga, in ba haka ba famfon mai zai lalace.

Maigida ya dawo yana zargin mai sayar da man. Ni ce na gano, washegari da hantsi. Na zaga bayan ɗaki na tarar da Inna a durƙushe da garwar da yake auna mai da ita, tana dirzarta da toka da soso, kamar yadda take yi wa ƙwaryar nono. Ta ɗauraye, ta bar ɗan ruwa a gindi don kada rana ta busar da ita ta tsage, ta mayar inda ya ajiye. Ashe kullum haka take yi. Shi kuma in ya zo sai ya tuttula mai a kai bai duba ba.

Tausayinta ya kama ni. Na je na gaya wa maigida abin da na gani.

"Kada ki gaya mata," ya ce. "Aikin da ya rage mata ke nan."

Ya sayo wata garwar ya ɓoye bayan kujerar mota, ya bar tsohuwar a inda take. Mota ta riƙa tashi, fasinja suka dawo, maganar Ikko ta mutu.

Wata Alhamis muna tsaye da Inna a ƙofar gida, motar ta fita da lodi har sama. Ta bi ta da kallo, sannan ta matso kusa da kunnena.

"Kin ga ta warke ko? Sau biyu nake wanke masa yanzu."