Ruwan da Baba Isiyaku Bai Kai ga Zubarwa Ba

Ina cikin bas a titin Rye Lane da ke Landan, zan tafi aiki, sai wayata ta yi ƙara. Maryam ce, babbar 'yar Baba Isiyaku. Ita da kullum da Turanci take amsa min magana, ran nan da Hausa ta faɗa: "Yaya Nura, Baba ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauka a tashar gaba, na tsaya bakin wani shago, na rasa inda zan nufa.

Baba Isiyaku mutumin Funtuwa ne, ya daɗe yana tuƙa bas a Landan kafin ya yi ritaya. Ba shi ya haife ni ba. A masallaci muka haɗu shekarar da na zo karatun jinya, ya ja ni gidansa a Lewisham, tun daga nan na zama ɗan gida. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar motorhome, irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a cikinta. Aka yi ta dariya, wai Bahaushe ya ɗauko yawon Turawa. Da zafi ya shigo, ya kwashi yaran maƙwabta da ba su taɓa fita Landan ba, ya kai su bakin teku. A cikin motar aka dafa taliya, a kan yashi aka yi Azahar. Tun daga nan sai an yi booking, wato kamun wuri, kafin a samu kujera.

Amma inda na fi sanin halinsa shi ne idan ganye ya fara zuba. Kafin sanyi ya kankama yakan ware yini guda ya zubar da duk ruwan motar. Zai kashe gas da wuta, ya jira hita, wato tukunyar ɗumama ruwa, ta huce don kada wani ya ƙone. Sannan ya buɗe tanki, ya buɗe kowane famfo, ya sauke kan shawa ƙasa har ya daina ɗiga. Yakan ce, "Ruwa in ya daskare kumbura yake, kuma ba ya neman izinin bututu." Wata shekara wani ɗan'uwanmu ɗan Gana, wanda ya sayi irin motar saboda shi, ya manta, hitarsa ta tsage. Baba bai ce masa ai na faɗa maka ba. Ya je ya taya shi gyara, ya ce, "Baɗi tare za mu yi, tawa da taka." Haka kuwa suka riƙa yi.

Bana ciwo ya riga shi. Yana kwance a asibiti yana ce min, "Nura, motar nan akwai ruwa a cikinta." Ni kuma ina cewa, "Baba, ku dai samu sauƙi tukuna."

Ana share makoki aka sanar cewa ƙanƙara za ta sauka a ƙarshen mako. Na faɗa wa matarsa, Hajiya Rabi, cewa ya kamata a zubar da ruwan motar. Ta ce a bar motar yadda ya bar ta, hularsa na kan kujera, kofinsa na kicin. Ban iya yi mata musu ba. Maryam ce ta matsa kusa da ita ta ce, "Mama, in pipes ɗin ruwan nan suka fashe, motar ta tashi aiki. Baba ba zai so haka ba." Sai Hajiya ta miƙo makulli.

Ni da Maryam muka bi komai yadda yake yi, amma muka rasa inda ake zubar da ruwan hita, don ni kullum a waje nake riƙe da bokiti. Muna cikin lalube sai ga Hajiya ta fito, da yake motar a ƙofar gida take. Ta leƙo ta ce, "Ɗaga katifar baya. Akwai ɗan makunni ruwan ɗorawa, ja shi sama. Ni nake riƙe masa katifar." Na fita waje, Maryam ta ja. Ruwa ya ɓarke ƙarƙashin motar, ya jiƙa min takalma sharkaf. Hajiya ta yi dariya, ta farko tun rasuwar, hawaye na zuba. Ta ɗauki hular, ta bar kofin. Ta ce, "Ku bar famfunan a buɗe. In Allah ya kai mu zafi, Maryam ce za ta tuƙa."

Ƙanƙarar ta sauka, ba abin da ya fashe.

Allah ya jiƙan Baba Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya Rabi da Maryam da ƙannenta haƙurin rashi, ya zama gatansu a wannan ƙasa mai nisa da gida. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.