Ranar da Kawu Ila Ya Zura Ni a Kwata

Duk wanda ya san Kawu Ila ya san ba a warware masa lissafin Fiziks a zaune. Tsohon malamin sakandare ne, amma bai yarda da alli ba. Kana karanto tambaya zai miƙe ya naɗe hannun riga ya ce, "Tashi mu gwada."

Ni kuwa na faɗa hannunsa ne da gemuna. Ina ɗaukar kaya a wani kamfanin roba a Sharada, aka ce za a ba ni horon gyaran inji in na kawo sakamakon Fiziks. Na sha faɗuwa a jarrabawar nan har masu sa ido sun san ni da suna. In na sake faɗuwa, ni da dako har tsufa.

Tambayar farko ta ce akwati na gangarowa a kan katako, babu gogayya. Na ce ban gane ba, kuma wallahi da na sani da na yi shiru. Kawu ya jingina katako a bakin kwatar bayan kamfaninmu, ya shafe shi da baƙin mai, ya ce ni ne akwatin. Daidai lokacin tashin ma'aikata ne. Ban gama bisimilla ba na ji ni tsundum cikin ruwan rini. Mutane na ta kwasar dariya, shi kuwa ya leƙo ya ce, "Ka ga abin da rashin gogayya ke yi? Fito mu ƙara tudun." Har yau a Sharada Akwati ake ce mini, ƙananan yara ma ba su ƙyale ni ba.

Da muka zo kan yadda motsi ke bin igiya, sai ya kwance igiyar shanyar matarsa, Inna Rabi, da kayan a kai. Ya ɗaure ɗaya bakin a ƙuguna yana kaɗawa, wai in ƙirga tudu da kwari. Ni dai zannuwa na ga suna tashi sama. Inna ta fito da muciya, Kawu ya nuna ni ya ce karatun yaro ake yi. Ni na sake wankin, yana tsaye a kaina yana tambayar ƙarfin da nake sa wa sabulu.

Lamba kuma ba ya karɓarta tsirara. In ka ce amsa arba'in ce, sai ya ce arba'in ɗin me, awaki ko tubali? Likita ma bai tsira ba. Ranar da ya ce masa jininsa ya hau ɗari da tamanin, Kawu ya gyara zama ya ce, "Ɗari da tamanin ɗin me, likita?" Sai da bawan Allah ya faɗa, sannan ya yarda ya sha magani.

Ranar jarrabawa ina buɗe takarda, sai ga akwati a kan gangara. Kaina bai tuna komai ba, amma ƙuguna ya tuna. Na zana katakon, na zana kibiyoyi, na rubuta amsa da ma'auninta, ina jin warin kwata a hancina.

Kafin sakamako ya fito ciwo ya kwantar da Kawu. Da sakamakon ya fito na je asibiti na durƙusa na ce, "Kawu, addu'arku ta karɓu, na haye." Ya kalle ni ya ce a hankali, "Ban yarda ba. Tashi mu gwada." Ya dafa gado zai miƙe. Ni na tashi, shi bai iya ba. A nan na yi kukan da ban yi a kwata ba.

Yau ni ke gyaran injinan da a da nake yi wa dako, kuma kewarsa ba ta sake ni ba. Allah Ya jiƙan Kawu Ila. Allah Ya sa hanyarsa ta fi katakon nan santsi, Ya sa Aljanna ce a ƙarshenta. Amin.