Egya Kobina, Kifin Dutse

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ranar da kwalekwale ba ya shiga teku a garin nan, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Egya Kobina Essel. Ya faɗi a kan duwatsun bakin ruwa, 'yarsa Efuwa ce ta tsince shi. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da murhun da nake bandar kifi, don haka ni Adjowa ba a bakin wani na ji abin da zan faɗa ba.

Egya, ran da matarka ta rasu ta bar maka jaririya, ka jingine filafilinka, ba ka ƙara shiga teku ba. Ka koma ɗinkin raga a ƙarƙashin kwakwa, yarinya a cinyarka. Masunta suka sa maka suna Kifin Dutse. In sun dawo sai su ɗaga murya: "Kifin Dutse, yau ma kana rami? A kawo maka zane ka goya ta mana!" Kai kuwa sai ka ce, "Ku kawo, mai kauri."

Wallahi ni ma na yi dariya a lokacin, yau ina jin kunyarta. Wa ya ɗauki ainihin kifin dutse a bakin komai? Tsawonsa ɗan yatsa, ƙaton kai, idanu a can sama da 'yan gashi kamar gira, ba ɓawo sai santsi, launinsa na dutsen da yake kwance a kai. Ko kyanwa sai yunwa ta ci ƙarfinta take kula shi. In ruwa ya janye, ya dogara da fukafukan ƙirjinsa a ɗan tabki yana kankarar gansakuka. Ka taɓa shi ya yi tsalle ya faɗa tabkin gaba, an jima ya dawo raminsa na dā.

Wata rana ka kira ni ka nuna mini wata tsohuwar katantanwa a tsagar dutse, ɗan baƙin kai ya leƙo daga ciki. Ka ce, "Adjowa, namijin ne. Macen ta saka ƙwai ta tafi, shi ke yi musu fifita har su ƙyanƙyashe. Ɗauke shi ki gani, kafin ruwa ya dawo ƙaguwa ta gama da su."

To Egya, an ɗauke ka, mun kuwa gani. Dangin mahaifiyarka, waɗanda ba su taɓa aiko maka da ko dunƙulen dokunu, tuwon masarar nan namu, ba sanda ƙafarka ta kumbura, sun iso daga Takoradi da baƙaƙen zannuwan makoki sababbi fil. Shugabansu Opanyin Bentsil ya zauna a kujerarka ya ce gawa tasu ce, ɗaki na ɗan 'yar'uwarka ne tunda a al'adarmu dangin uwa ke gado, Efuwa kuwa ta je wurin dangin uwarta. Akwatin gawa kaɗai aka bar mata, wai shi ne hakkin 'ya. Na ce, "Opanyin, wane dangin uwa? Mutumin nan ne uwarta." Ya ce, "Maame Adjowa, koma wurin hayaƙinki." Ba a kai ka makwanci ba suka sa kwaɗo a ƙofa. Raina ya ɓaci, har yau bai gyaru ba.

Allah ya jiƙanka, Egya Kobina. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya yafe mana dariyar da muka yi maka. Ta'aziyyata ga Efuwa ce ita kaɗai, masu sababbin zannuwa ba su rasa komai ba. Allah ya ba ki haƙuri, 'yata. Tabarmarki na nan kusa da tawa, kuma duk inda za a kai maganar ɗakin nan ƙafata ƙafarki. Ni ba ni da ƙarfin ubanki, amma ba zan matsa daga bakin ramin ba.