Katakon da aka shafe da baƙin mai

Shekarun baya, gab da faɗuwar damina, yayana kafinta ya samu aikin rufin wani sito a ƙauyenmu, can wajen Tsanyawa. Ni ke miƙa masa kwano daga ƙasa, don ni ko jaki na hau sai jiri ya ɗebe ni.

A wajenmu ana shafe katakon rufi da baƙin mai saboda gara, amma kafinta ne ke shafawa da hannunsa, bayan ya duba kowane ɗaya. Mu kuwa muka tarar mai ginin ya sa an shafe, har an kafa. Yayana ya ce, "Alhaji, wa ya duba katakon nan?" Ya ce, "Sabo ne fil daga Kano. Kai dai hau, ga hadari can."

Ya hau. Yana tsakiyar rufin na ji ƙas! Kafin in ɗaga kai yana kwance a kan tulin bulo. Guntun katakon ya faɗo gabana, cikinsa duk gari, gara ta cinye shi tas. Ashe na tsohuwar rumfa ne aka ɓoye da mai.

Yayana na cewa ba ya jin ƙafafunsa, Alhaji na can yana duba kwanon da ya lanƙwashe. Wallahi da idona na gani! Sai ya juyo ya ce, "Ƙaddara ce, a yi haƙuri." Na ɗaga guntun na ce, "Ƙaddarar ce ta shafa masa mai?" Dattawa suka taso mini, wai ba a yi wa babba haka.

A asibiti aka ce ƙashin baya ne. Bai sake miƙewa ba. Aka yi sulhu, mahaifiyata ta ce ta bar wa Allah, yayana ma ya yafe.

Ni dai ban yafe ba, kuma ba na ɓoyewa. Na yarda da ƙaddara, amma na tsani a yi mugunta da gangan a laƙa mata. Wasu na cewa ai abu ya wuce, in bar shi. Ta yaya? Kwanan nan 'yar yayana, wadda aka haifa bayan faɗuwar, ta ja ni gefe ta ce, "Baffa, wai da gaske Baba ya taɓa tafiya da ƙafarsa?"